Ƙaramar na'urar sikanin shanu: gwana a gano ciki, raguwa a ajiye hujja

Duk ƙaramin malamin da ya shigo sashenmu na haihuwar dabbobi, da zarar tallafin bincikensa na farko ya fito, tambaya guda yake kawo mini: ya sa irin na'urar sikanin da nake ratayawa a cikin kasafinsa, ko ya nemi wata? Na gaji da ba da amsa a tsaitsaye a bakin ofis, shi ya sa na zauna na rubuta. In aikinka shi ne ka ce wa mai shanu wannan tana da ciki, waccan ba ta da shi, to saye ta ka huta. In kuwa kundin digiri na uku kake shirin ɗorawa a kanta, ko maƙalar da za ta shiga hannun masu tacewa na mujalla, ka karanta a hankali, domin na'urar tana gani sarai amma ba ta iya adana abin da ta gani ba.

Irin ƙananan nan ce da ake ɗaurawa a ƙugu ko a rataya a wuya. Nauyinta bai fi kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Tana da ƙaramin allo, da tabarau na musamman da ke nuna hoton a gaban ido, da firob miƙaƙƙe na dubura, wato kan da ake damƙewa a tafin hannu a shiga da shi, mai aiki tsakanin megahaz 5 da 7.5. Hotonta baƙi da fari ne. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu na gan su a wasu 'yan uwanta masu wannan girma, kuma abin da nake so shi ne mai saye ya san inda zai duba, ko wace ce aka ajiye masa a kan tebur. Na daɗe ina aiki da ita a gonar koyarwa ta tsangaya da gonakin madara da muke zuwa da ɗalibai, ɗalibai na digiri na biyu da na uku sun yi aikinsu da ita a ƙarƙashina, don haka na san halinta a ranar daɗi da ranar wuya.

Wanda bai daɗe a wannan fanni ba ba zai gane yadda sikanin ya canja shi ba. Kafin shekarun 1980, mai binciken gidan ƙwai na saniya hanya biyu yake da ita: ya lalubo da yatsu ta bangon dubura, ko ya jira a yanka dabbar ya tsaga ya duba. A 1960 wani masani ɗan ƙasar Finland mai suna Rajakoski ya duba gidajen ƙwai na shanun da aka yanka, ya ce jakunkunan ƙwai suna tasowa ne rukuni-rukuni, sau biyu a zagaye ɗaya. An yi ta gardama a kai kusan shekara talatin, saboda saniyar da ka yanka yau ba za ta nuna maka abin da zai faru gobe ba. A 1980 Palmer da Driancourt a Faransa suka shiga da sikanin ta duburar goɗiya, Ginther da Pierson a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka bi da shanu a 1984, kuma zuwa 1988 ƙungiyoyi daban-daban masu duba saniya guda kullum-kullum sun tabbatar da cewa rukunin nan gaskiya ne, biyu ko uku a zagayen kwana 21. Tsarin Ovsynch da Pursley da Wiltbank da abokin aikinsu suka fitar a 1995, allurar GnRH (sinadarin da ke sa jakar ƙwai ta fashe) yau, furostagilandin (sinadarin da ke dawo da saniya farkon zagaye) bayan kwana 7, wata GnRH bayan kwana 2, sannan a ɗura maniyyi bayan kamar awa 16 ba tare da jiran saniya ta nuna neman barbara ba, a kan wannan ilimin aka gina shi. Na'urorin da waɗancan mutane suka yi aiki da su sai an turo su a kan amalanke. Yau abin da ya fi su kaifin hoto yana rataye a wuyana. Wannan ne ke ruɗar ƙananan malamai, su ɗauka tunda hoton ya kai, komai ya kai.

Ta fuskar jiki ba ni da abin cewa sai yabo. Ta sha kashin shanu, ta sha fitsari, ta sha ruwan sama, ta taɓa faɗuwa a kan daɓen siminti lokacin da wata karsana ta yi tsalle a cikin kejin kamu, aka ɗauka aka goge ta ci gaba da aiki. Batirinta yana kai mu tun safe har rana ta take in dai ba a bar hasken allo a ƙure ba, kuma ana cire shi a sa wani ba tare da neman sukudireba ba. Allon kuwa ba ya son rana. A fili da hantsi, sai ka ga fuskarka a ciki maimakon mahaifa, dole ka koma tabarau. Tabaran yana da kyau ga hoto, yana da haɗari ga mai shi, don yana rage maka ganin gefe, kuma wanda ke tsaye a bayan saniya yana buƙatar ya ga ƙafarta kafin ta ɗaga. Ni nakan ɗaga shi kaɗan ya zauna a saman ido, in leƙa hoto in leƙa dabba. Maɗaurin da aka haɗo da ita an yanka shi ne don ƙaton namiji; sai da na ƙara masa huda kafin ya zauna a ƙuguna. Firob ɗin dai siriri ne, yana kwanciya a hannu, kuma ni da Allah ya ba ƙaramin hannu ina shiga karsana da shi ba tare da ta yi ta yunƙuri ba.

Gano ciki shi ne inda ta fi burge ni. Saniya ce a kwana 30 bayan an ɗura mata maniyyi. Ka kwashe kashin da ya tare hanya, ka shafa man sikanin, ka shiga da firob a kife, ka danna shi a kan bangon dubura don kada iska ta shiga tsakani, domin iska kaɗan ta isa ta mayar da allon duhu. Mafitsara ce za ta fara bayyana, baƙa wuluk. Ka wuce bakin mahaifa, ka bi ƙahon mahaifa, wato ɗaya daga cikin rassanta biyu, da ke gefen da gidan ƙwai yake da CL, wato tsokar nan da ke tsirowa a gurbin jakar da ta fashe, mai fitar da sinadarin da ke riƙe ciki. Sai ga ɗan ruwa baƙi, gefensa tsaf, a jingine da bango kuma ga ɗan tayi fari-fari, tsawonsa kamar santimita ɗaya. Ka tsayar da hannunka, ka riƙe numfashi, za ka ga wani ɗigo a tsakiyarsa yana ƙyaftawa da sauri. Zuciyarsa ke nan. Wannan na'ura tana nuna bugun nan daga kwana 28 ba tare da an yi ta murza maɓalli ba, kuma ba kowace ƙaramar na'ura ce ke yin haka ba.

Hannu zalla, ko na gwani ne, sai wajen kwana 35 zuwa 40 yake ba da amsar da za a dogara da ita, kuma hannu ba ya gaya maka ko tayin yana da rai. Wannan tazarar ta mako ɗaya ko biyu ba ƙarama ba ce. Saniya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 280, don haka mai son maraƙi duk shekara kwana 85 kacal yake da su bayan haihuwa ya sake samun ciki, kuma duk saniyar da aka gano ba ta ɗauka ba da wuri ana iya mayar da ita layi da wuri. Sai dai ina gargaɗin ɗalibaina kullum cewa ciki a kwana 30 alkawari ne da bai cika ba. A shanun madara masu yawan nono, kusan ɗaya cikin goma na irin wannan ciki yakan lalace kafin kwana 60. Wanda ya rubuta adadin masu ciki a kwana 30 ya tafi bai dawo ba, ya rubuta adadin da ba zai ga maraƙansa duka ba.

Tana raba ciki da mugunya da kyau. Mahaifar da ta tara mugunya ruwanta ba baƙi tsaf ba ne, yana da ɗigo-ɗigon fari masu yawo, babu tayi, ga CL zaune ya hana saniya dawowa neman barbara, mai ita yana ta murna yana jiran maraƙi. Tagwaye ma tana nuna su in ka yi haƙuri ka bi ƙaho biyun har ƙarshe, abin da masu gaggawa ba sa yi. Tantance jinsi tsakanin kwana 55 da 70 yana yiwuwa da ita: ɗan farin tsiron al'aura yana matsawa kusa da cibiya a namiji, ya koma ƙarƙashin wutsiya a mace. Amma a nan ƙanƙantar allon tana gajiyar da ido, kuma ba zan ce wa sabon hannu ya yi alkawarin jinsi da ita ba. Bayan wata huɗu, lokacin da mahaifa ta yi nauyi ta gangara cikin ciki, zurfin firob ɗin ba ya kai wa ga tayin, sai ka koma ga hannu da abin da ka sani.

Yanzu ga gidan ƙwai, inda mu malaman jami'a muke cin abincinmu. A megahaz 7.5 tana nuna jakar ƙwai mai milimita 3, wani lokaci har ƙasa da haka in saniyar ba ta da kitse kuma ta tsaya. Tana nuna CL mai rami a tsakiya, wanda lafiyayye ne amma hannu yakan ɗauke shi a matsayin ƙari. Tana ba ka damar kallon kaurin bangon babbar jakar da ta ƙi fashewa, ka san ko mai siririn bango ce ko wadda bangonta ya wuce milimita 3 ya zama tsoka, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Duk wannan na ba ta.

Matsalar tana wajen awo. Ma'aunin da ke kan allo da maɓallan kibiya ake tura shi, kuma ba ya tafiya sumul, tsalle yake yi. Ka sa alama a gefen jaka, ka danna sau ɗaya ka wuce gefen, ka dawo ka gaza kai wa. Ga wanda ke auna tayi wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke bin jakunkuna kullum, babban abu ne. A shanun Holstein, rabuwar babbar jaka da sauran, wato lokacin da guda ta ci gaba da girma sauran suka tsaya, tana faruwa ne a wajen milimita 8.5. A shanu masu tozo irin Nelore na Brazil tana faruwa tun a wajen milimita 6, jakunkunan sun fi yawa, sun fi ƙanana, kuma babbar takan ƙaru da kamar milimita ɗaya ne a rana. To in ma'auninka yana kuskuren rabin milimita nan da can, rabin girman yini guda ke nan, kuma ranar rabuwar da za ka rubuta a kundi tana iya gocewa gaba ko baya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai mai tace maƙala ba ya karɓar kima. Zai tambaye ka sau nawa ka auna kowace jaka, wa ya auna, kuma in mutum biyu suka auna hoto guda nawa ne bambancinsu.

Ƙari a kan haka, hannunka ɗaya yana cikin saniya har kafaɗa, ɗayan yana riƙe da wutsiya ko ƙarfen keji, safar hannu ta yi kaca-kaca. Maɓallin tsayar da hoto yana jikin na'urar, ba a jikin firob ba. Kafin ka kai yatsa, saniyar ta yunƙura, mafi faɗin jakar ya wuce. Akwai ɗan bidiyon baya da take riƙewa na 'yan daƙiƙoƙi, ana iya komawa a zaɓi hoton da ya fi, kuma wannan ya cece mu sau da yawa. Duk da haka, aikin bincike da ita aikin mutum biyu ne, ko uku in za a samu: mai hannu, mai maɓalli, mai rubutu. Duk wanda ya rubuta kasafin bincike bai sa mataimaki ba, zai gane kurensa a makon farko.

Babban laifinta, wanda saboda shi na rubuta wannan, shi ne ajiya. Tana ba hotuna lamba a jere, ɗaya, biyu, uku, babu gurbin da za ka rubuta lambar kunnen saniya sai wani ɗan layi da ake cikawa harafi-harafi da kibiya, wanda ba mai hankalin da zai tsaya yi alhali shanu ashirin suna jiran layi. In ka kwashe hotunan zuwa kwamfuta ka share ma'ajiyarta, sai ta sake farawa daga ɗaya, don haka hoto mai lamba 14 na yau da mai lamba 14 na jiya suna ɗaya gare su, kuma kwamfuta za ta tambaye ka ko ta maye gurbin tsohon. Ɗalibin da ya gaji da ƙarfe tara na dare zai danna e. Hotunan suna fita a JPEG, an matse su, ba a DICOM ba, tsarin da asibitoci ke amfani da shi wanda ke ɗauke da ma'auni da bayanin mai hoton a cikin fayil ɗin kansa. Sannan agogonta: in batir ya daɗe a cire, sai ya koma ranar da aka saita a masana'anta.

Wani ɗalibina na digiri na biyu, yaro mai ƙoƙari, yana bin karsanoni kullum da asuba don ya ƙirga rukunin jakunkunansu. Ya shigo ofis da kwamfutarsa a buɗe, fuskarsa ta canja.

"Malama, hotunan makon nan duk sun zama na ɗaya ga Janairu."

Na ce, "Littafin fa?"

Ya zaro shi daga jaka, bangonsa duk tabo. Kowane shafi da zanen gidan ƙwai na dama da na hagu, kowace jaka da'ira a inda take, da awonta a gefe, da lambar hoton da na'urar ta bayar, da lambar kunne, da kwanan wata a sama. Da wannan muka zauna muka mayar da kowane hoto gidansa. Da babu littafin, aikin mako guda ya tafi, kuma a irin wannan bincike mako guda a tsakiyar zagaye yana nufin zagayen duka, sai a jira wasu kwana 21, in ma karsanar ta yarda ta maimaita abin da ta yi. Zanen taswirar gidan ƙwai da hannu tsohuwar hanya ce, da ita masu binciken farko suka bi kowace jaka daga rana zuwa rana. Ban taɓa tsammanin na'urar zamani za ta mayar da ita wajibi saboda dalilin da bai shafi kimiyya ba.

Ga yadda muke zaune da ita yanzu. Kafin a taɓa saniya ta farko a duba agogo. Kowace rana da babban fayil nata a kwamfuta, a kwashe hotuna a ranar, a canja musu suna a ranar. Awon da zai shiga kundi ba a kan allon na'ura ake yin sa ba, a kan kwamfuta ake yi da ImageJ, manhajar kyauta ta Cibiyoyin Lafiya na Amurka, a saita ta da layin zurfin da ke gefen hoton, a auna tsaye da kwance a ɗauki matsakaici. Wannan yana buƙatar kada a canja zurfi a tsakiyar bincike, ko in an canja a rubuta. Yana aiki, amma kowace safiya ta gona tana haifar da yammaci guda a gaban kwamfuta, kuma malamin da ke da lacca da jarrabawa da taron sashe ya san inda wannan yammacin yake fitowa.

Ba ta da Dofla, wato launin da ke nuna gudun jini. Ga likitan gona wannan rashi ne da za a iya jurewa. Ga mai neman ƙarin girma kuwa, ya kamata ya san cewa duba jinin da ke shiga CL a kwana 20 zuwa 22 bayan barbara, don a gano wadda ba ta ɗauka ba tun kafin tayi ya bayyana, yana cikin abubuwan da mujallu irin Theriogenology da Animal Reproduction Science suka cika da su a 'yan shekarun nan. Da wannan na'ura ƙofar nan a rufe take. Za ka iya rufe gibin da awon furojestaron, sinadarin nan da CL ke fitarwa, a jini, amma wannan wani ɗakin gwaji ne da wani kasafi. Ni ina ganin akwai tambayoyi da yawa da baƙi da fari ya isa ya amsa, musamman a nau'o'in shanun da ba a taɓa bin zagayensu kullum-kullum an rubuta ba, kuma maƙala mai tsabtar awo a kan irin waɗannan ta fi maƙala mai launi da aka yi a gurguje. Amma mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe.

A sauran dabbobi, a gurguje. Goɗiya: tana yi, kuma tana nuna ƙwayar ciki a kwana 14, lokacin da ya kamata a nemi tagwaye, domin har kwana 16 ƙwayar tana yawo a cikin mahaifa kuma kafin ta kafe ne ya fi sauƙi a murƙushe ɗaya a bar ɗaya. Duburar goɗiya tana yagewa, ba a ba sabon ɗalibi. Akuya da tunkiya: firob mai lanƙwasa na kan fata ya fi musu sauƙi, sai an saye shi daban, kuma da shi tana nuna ciki daga wajen kwana 40, tana kuma tona asirin akuyar da ta tara ruwa a mahaifa ba tayi. Bijimi: tana nuna tabo ko ƙurji a cikin gwaiwa, amma ba ta maye gurbin tef ɗin auna kewayen maraina da madubin duba maniyyi ba.

Wajen koyarwa ra'ayina ya rabu biyu. Tabarau na mutum ɗaya ne, allon kuma ɗalibi uku ne za su iya cusa kai su gani, sauran suna baya suna jin labari. Tana iya tura hoto zuwa waya ko babban allo ba da igiya ba, sai dai hoton yana makara kaɗan, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya rikita mai koyo, ya ga abu a allo bayan hannunsa ya riga ya wuce wurin. A ɗaya gefen, ban taɓa samun abin da ke gyara hannun ɗalibi kamarta ba. Dokata ita ce ka shiga da hannu zalla tukuna, ka faɗi da baki abin da ka taɓa, gefen da CL yake, girman ƙaho, sannan a miƙa maka firob ka ga ko gaskiya ka faɗa. Wanda aka fara ba firob ba ya koyon riƙe mahaifa, yawo kawai yake da shi yana fatan wani abu ya bayyana. Kuma kowa da safar hannu har kafaɗa, a wanke firob da igiyarsa tsakanin garke da garke, domin cutar bakkale mai sa shanu ɓari tana kama mutum, kuma ruwan mahaifa ne babbar hanyarta.

Saura dillalin da ya kawo ta. Ranar miƙawa sun turo ma'aikaci ya nuna mana maɓallai, mutumin kirki, amma a kan kwalbar ruwa ya yi nunin, kuma da na tambaye shi yadda za a sa lambar dabba ta fito a sunan fayil sai ya ce zai tambaya. Littafin bayanin fassara ce da ba a duba ba. Inda igiya ta shiga firob nan ne raunin duk irin waɗannan na'urori, saboda nan take lanƙwashewa duk shiga da fita. Tamu ta fara da wani baƙin layi siriri daga saman hoto zuwa ƙasa, alamar wasu ƙwayoyin firob sun daina amsawa, daga baya layin ya yi faɗi. Ba a gyara shi a wurin dillali, sai an aika masana'anta, kuma ba su da na aro da za su ba ka kafin ya dawo. Mun yi watanni muna jira, wata ɗaliba ta ɗage aikinta zuwa zango na gaba, tallafinta kuwa bai ɗage ranar ƙarewarsa ba. Da firob ɗin ya dawo ya dawo lafiya, wannan kam na shaida, kuma ba su yi gardamar garanti ba.

Likitan da ke yawon gonaki, da sashen da ke son na'urar da ɗalibai za su jagwalgwala ba ta mutu ba, wannan tasu ce. Ƙaramin malamin da bincikensa ya tsaya a kan ciki ko babu ciki, misali gwada tsarin allurai biyu a ga wanne ya fi ba da ciki a kwana 30 da 60, ita ma ta ishe shi. Wanda zai auna jakunkuna kullum, ko yake hangen aikin gudun jini nan da shekara biyu, ya nemi babbar yayarta mai Dofla da DICOM ko da zai haɗa kasafi da wani sashe, ya bar wannan ta zama ta biyu.

In kuma ita ɗin ce abin da tallafin zai iya ɗauka, kada a sa hannu a takardar karɓa a ofis. A kai ta bayan saniya. A ɗauki hoto goma, a kwashe, a share, a sake ɗauka, a ga sunan da za ta ba su. A cire batir a bar shi ya kwana a waje, da safe a duba agogo. A sa mutum biyu su auna jaka guda a kan allonta, kowa a ɓoye, a kwatanta. A tambayi dillali a rubuce inda ake gyaran firob da tsawon lokacin da yake ɗauka, da ko akwai na aro. Kuma a sa firob na biyu a cikin kasafin tun farko, domin ofishin tallafi ya fi saurin amincewa da shi a takardar farko a kan a tsakiyar aiki.